Hustan: Kasuwar da Na Zaga Hannuna Cikin Aljihu

Duk wanda ya taɓa sana'ar mota a Kwatano ya san sunan Hustan, ko da bai taɓa taka ƙasar Amurka ba. Sunan yana nan a takardun motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa, su kwana a wuraren ajiya na Sekanji da Ekpe, kafin masu saye su zo. Mun san gwanjonsa, mun san kuɗin jirginsa. Mun kuma san shekarar 2017, lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da garin, motocin da suka sha ruwa suka yi ta yawo a kasuwa suna neman wanda bai san kan abin ba. Amma akwai wata kasuwar a garin da ba a cika ba mu labarinta ba, ita ma da dillalanta da gwanayenta da masu tafka asara a cikinta. Kasuwar ƙananan bindigogi ce, waɗanda mutanen can ke saye don sha'awa, kamar yadda wani a wajenmu ke kiwon tattabaru ko ya ɗaure doki a ƙofar gida.

Sati uku na yi a garin a ƙarshen 2024, na je sayen motoci, na sauka wurin ɗan ƙanwata wanda ya daɗe a can har ya zama ɗan ƙasa. Yana da mata da yara biyu, yana kuma da bindiga. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin da yawanmu muna da 'ya'ya ko ƙanne a can, wasu kuma suna loda kaya daga can. Maganar ta shafi duka biyun.

Allon da ke ƙofar shago

Hustan shi ne gari na huɗu a yawan jama'a a Amurka, yana cikin jihar Teksas. A shimfiɗe yake kamar faifai, ba tudu ba dutse, zafinsa da guminsa kuwa irin na Kwatano ne sak. Ba a yawo a ƙasa, ba kuma ɗan kabu-kabu da za ka tsayar, komai kusancin wuri sai da mota. 'Yan Najeriya sun fi yawa a kudu maso yamma, wajen unguwar Alief da titin Bissonnet. A nan za ka samu garin kwaki da manja da busasshen kifi, ga mahauta masu yanka irin namu.

A ƙofofin shaguna da asibitoci na fara lura da wasu alluna masu dogon rubutu, kowanne da lamba: 30.05, 30.06, 30.07. Na tambayi yaron, ya ce, "Kawu, lambobin sassan dokar jiha ne. Mai wurin ne ke cewa kada a shigo masa da bindiga. Ɗaya na marasa lasisi ne, ɗaya na masu lasisin da suka ɓoye ta a jiki, ɗaya na masu rataye ta a fili." Daga nan mutum zai gane irin garin da ya shigo. Inda sai an kafa allo an ce kada a shigo da abu, to shiga da shi ne al'ada. Tun ranar 1 ga Satumba 2021, a Teksas duk wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi riƙe makami ba, yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Mai tura keken cefane a gabanka, ba ka san me ke ƙugunsa ba.

Abin yana da tushe mai nisa. Gyara na biyu a tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, shi ya ba jama'a 'yancin mallakar makami, kuma a 2008 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa 'yancin na kowane mutum ne a gidansa. Teksas kuma tana da nata tarihin daban. Samuel Colt ya yi rajistar libarba mai juyawa a 1836, amma kamfaninsa na farko ya karye, domin masu saye sun yi ƙaranci. Dakarun dokin Teksas ne suka ga amfaninta a yaƙe-yaƙensu da ƙabilar Komanci. Wani kyaftin ɗinsu, Samuel Walker, ya haɗa kai da Colt suka fito da sabon samfuri a 1847, gwamnati ta yi odar guda 1,000, Colt ya farfaɗo. Ɗan kasuwa ya san daɗin oda ɗaya mai tayar da wanda ya durƙushe. A 2021 majalisar jihar ta ayyana waccan libarba a matsayin ƙaramar bindigar jiha, kamar yadda suke da furen jiha da tsuntsun jiha.

Ranar kasuwa

Ran wata Asabar yaron ya kai ni baje kolin bindigogi, wanda ake yi a ƙarshen mako a manyan ɗakunan taro na garin da kewaye. Ana biyan kuɗin shiga. A bakin ƙofa ma'aikata suna karɓar bindigar duk wanda ya zo da tasa, su tabbatar ba harsashi a ciki, su ɗaure ta da igiyar roba yadda ba za ta tashi ba, sannan su miƙa masa.

Ciki kuwa kasuwa ce kamar kowace kasuwa. Tebura a jere, layi bayan layi, ana tayi ana albarka. Wani yana sayar da wuƙaƙe, wani tsofaffin kayan soja, wani har da busasshen nama irin nasu, wanda ko kusa bai kama ƙafar kilishinmu ba. Magidanta da matansu, wasu da yara a kafaɗa. Ni da na saba da Dantokpa, hayaniyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake juya kayan a hannu cikin natsuwa, kamar mai duba atamfa.

Samfurin da ya fi cika tebura shi ne Glock. Mai kamfanin, Gaston Glock, mutumin Ostiriya ne da ya fara da ƙera sandunan labule da wuƙaƙe. A farkon shekarun 1980 ya fito da bindigar da rabin jikinta roba ce mai tauri, sojan ƙasarsa suka karɓa, daga baya 'yan sandan Amurka da dama suka bi sahu. Ya rasu a Disambar 2023. Dattawa kuma sun fi tsayawa wurin wadda ake kira 1911, ƙirar John Browning, ƙarfe zalla, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985. Akwai Canik ta Turkiyya da Taurus ta Birazil, su ne masu sauƙin kuɗi, irin kayan da muke cewa na talaka. Akwai CZ ta ƙasar Cek, kamfanin da ya saye Colt ɗin kansa a 2021. Kasuwa ba ta san tarihi ba.

Ciniki a teburin dillali mai lasisi yana tafiya da takarda. Mai saye zai nuna katin shaida, ya cike fom mai lamba 4473, dillali ya tura sunansa ga hukumar FBI a duba ko yana da laifin da ya hana shi riƙe makami. Yawanci cikin 'yan mintoci amsa ke dawowa. An fara wannan binciken a 1998, a ƙarƙashin dokar da ke ɗauke da sunan James Brady, kakakin Shugaba Reagan da aka harba tare da maigidansa a 1981. A lokacin da na je, dillali mai lasisi ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Sai dai a Teksas, idan mutum ne kawai ke sayar da tasa ga wani mazaunin jihar, doka ba ta tilasta wannan binciken ba, kuma a kan wannan ake ta ja-in-ja a siyasarsu. A cikin fom ɗin akwai tambayar ko don kanka kake saye. Wanda ya saya wa wani da doka ta hana, tun 2022 hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 15.

Kafin mu shiga, yaron ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, don Allah ko an miƙo maka kada ka karɓa." Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta kasuwanci riƙe bindiga ko harsashi, in ba yana da lasisin farauta na wata jiha ba, ko wani izini na musamman. Ni kuwa da irin wannan bizar na shiga. Saboda haka na zaga kasuwar tun daga farko har ƙarshe hannuna biyu cikin aljihun riga. Wani dillali mai gemu ya miƙo mini wata, ya ce in ji nauyinta. Na yi masa murmushi na girgiza kai. Duk ɗan uwan da zai je ziyara ya riƙe wannan. Hoton da za ka ɗauka da bindiga a hannu don ka burge mutanen gida yana iya zama shaida a kanka.

Janareto da mai

Ko ban taɓa kaya ba, idon ɗan kasuwa ba ya hutu. Abin da na gane shi ne ribar wannan sana'a ba a jikin bindigar ta fi yawa ba. Kamar janareto ne, sau ɗaya ake saye, amma mai kullum ne.

Yaron ya sayi tasa a kan dala ɗari biyar da 'yan kai. Da na sa shi ya lissafa mini abin da ya kashe a kanta bayan nan, sai ga shi ya kusa ninka kuɗin. Ya sa mata wani ɗan gilashi a sama mai nuna ɗigon jan haske, wanda ke sauƙaƙa saiti. Ya sa mata tocila a ƙasa. Ya sayi kube na ƙugu har uku kafin ya samu wanda ya zauna masa. Ya ƙara gidajen harsashi. Abokansa wasu sun sauya kunama, wasu sun kai an yi wa ƙota zane don kada ta zame a hannu mai gumi, wasu sun sauya mata fenti zuwa launin ƙasa. Rabin teburan kasuwar nan irin waɗannan tarkacen ake sayarwa.

Na ce masa, "To in ka tashi sayarwa, nawa za a ba ka?" Ya yi dariya ya ce ko kuɗin da ya saye ta da farko ba lalle ya dawo ba. Na ce ai mun san wannan a mota. Yaro zai sa wili mai ƙyalli da fitilu da lasifika, ranar da ya kawo ta kasuwa mai saye inji da giya kawai zai duba, kwalliyar ma ta sa shi zargin an wahalar da motar. Wani tsoho da ke teburin kusa da mu, da yaron ya fassara masa hirarmu, ya ce shi shawararsa ga sababbi ita ce su bar bindiga yadda kamfani ya ƙera ta, kuɗin kwalliyar su biya malami ya koya musu.

Sai harsashi. Kwali ɗaya guda 50 ne, na ga ana sayar da na milimita 9 tsakanin dala goma sha wani abu zuwa ashirin. Mai zuwa filin harbi duk mako yana ƙone kwali biyu ko uku a zama ɗaya, ga kuɗin fili. Ku buga lissafin da sefa ko naira a shekara, za ku ga kuɗin makarantar yaro ne ake mayarwa hayaƙi. A 2020, lokacin annobar korona, mutane suka yi rububin saye har harsashi ya yi ƙaranci, farashi ya haura. Su ma suna da 'yan ɓoye kaya.

Bayan gilashi

Washegari muka je filin harbi na cikin gini, a jerin shaguna, tsakanin wurin wanki da mai sayar da tayoyi. Ni a ɗakin jira na zauna, inda aka sa gilashi mai kauri ana hango masu harbi. Duk da haka sai da aka ba ni abin toshe kunne. Ƙarar tana bugun ƙirji kamar ana dukan ƙofar ƙarfe da taɓarya, kuma sun ce harbi ɗaya ba kariya yana iya taɓa jin mutum har abada.

An raba wurin layi-layi, kowa da rumfarsa. Ana maƙala takarda mai zane a jikin waya, a danna maɓalli ta tafi nisan yadi 7, ko 15, ko 25. Akwai mai tsaron fili da ke kai da kawowa a bayansu, maganarsa ita ce doka. In ya ce a tsaya, kowa zai ajiye ya ja baya. Dokoki huɗu ne suka rubuta a bango, waɗanda ake dangantawa da wani tsohon sojan ruwa, Jeff Cooper. Ma'anarsu ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a son hallakawa, yatsa ya nisanci kunama sai an yi saiti, kuma a san abin da ake hari da abin da ke bayansa. Na ga an fitar da wani saurayi daga layi don ya juyo yana yi wa abokinsa magana da ita a hannu. Ba zagi ba faɗa, amma bai koma ba.

Mutanen da na gani ba irin na fim ba ne. Ga wata ma'aikaciyar asibiti da kayan aikinta, ga tsoho da tsohuwarsa suna karɓa-karɓa, ga baƙaƙe da farare da 'yan asalin Meziko da Biyetnam. Gwanaye a cikinsu su ne marasa gaggawa. Mutum zai tsaya, ya daidaita numfashi, ya matsa a hankali, ya duba takarda, ya gyara. Sababbi kuwa, a yadi 15 takarda mai faɗin ƙirjin mutum tana gagararsu. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara yarda da jarumin fim da ke harbi yana gudu ba. Wasu don gasa suke yi. Akwai ƙungiyar duniya ta masu irin wannan gasa, IPSC, da aka kafa a 1976 a jihar Mizuri. Kuma da yawanku kun ga hoton Baturken nan Yusuf Dikeç a waya, wanda ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Faris a 2024 da bindigar iska, hannunsa ɗaya cikin aljihu. Gaskiya akwai gwaninta a abin, kuma na ga dalilin da ya sa yake shiga ran mutum.

Da yaron ya fito sai ya wuce wurin wanke hannu, ya daɗe yana cuɗawa da sabulu. Ƙurar dalma ce, in ji shi, tana manne wa hannu da tufafi, kuma guba ce ga ƙananan yara. Kayan da ya je fili da su daban matarsa ke wankewa.

A kan kanta na lura da wata ƙa'ida. Suna ba da hayar bindiga, amma ba sa ba wanda ya zo shi kaɗai kuma bai zo da tasa ba. Na tambayi dalili. Yaron ya rage murya ya ce saboda masu zuwa su kashe kansu.

Ɗaya gefen littafin

Kowane littafin ciniki yana da shafin shiga da shafin fita. Wata cibiyar bincike da ke Jeneba, Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. A 2021 hukumar lafiyar ƙasar ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe, fiye da rabinsu da hannunsu suka yi. A 2020 kuma bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar.

Kudu da Hustan, kan hanyar Galbestan, akwai ƙaramin gari mai suna Santa Fe. Ranar 18 ga Mayu 2018 wani ɗalibi ɗan shekara 17 ya shiga makarantarsu ta sakandare ya kashe mutum 10. Bindigogin mahaifinsa ya ɗauka, doguwa ɗaya da libarba ɗaya. Mun wuce ta kusa da garin a hanyarmu ta zuwa tashar jirgin ruwa, gari ne shiru, gidaje da filayen ciyawa, ba abin da zai nuna maka.

A daren ne matar yaron ta same ni a falo bayan yara sun kwanta. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ni ban hana shi ba, an taɓa fasa gidan maƙwabcinmu. Amma babban ya fara hawa kujera yana buɗe durowa. Ku yi masa magana, ya fi jin taku." Da safe na ce ya nuna mini inda yake ajiyewa. A saman durowar tufafi take, cikin jakarta. Ya ce yaro ba zai kai nan ba. Na ce, "Kai da kake ɗan shekara shida, ina ne uwarka ta ɓoye sukari ba ka kai ba?" Bai ce komai ba. Shi ma ya san dokar Teksas tana hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta. A ranar muka je ya sayi akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, kuɗinsa bai kai na ɗan gilashin jan hasken nan ba. Ya ɗaure shi da ƙusa a bango, harsashi kuma ya kulle a wani wuri daban.

Iyaye mata masu 'ya'ya a can, wannan tambaya ce da kuke da ikon yi ta waya: akwai bindiga a gidan, kuma a kulle take? Likitocin yara a can suna ba iyaye shawara su yi irin wannan tambayar kafin su bar yaro ya je wasa gidan abokinsa. Ba rashin kunya ba ne. In kuma akwai wanda ke fama da baƙin ciki ko damuwa a gida, a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya har ya samu sauƙi.

Saƙon da ya zo daga gida

Ina cikin sati na biyu wani abokin sana'a ya kira ni ta WhatsApp. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, tunda kana can, ka sa yaronka ya samo mini 'yar ƙarama ɗaya, a cusa cikin ƙofar mota. Wa zai duba?" Na san abin da ke cinsa. Ƙauyensu yana inda ba a kwana da ido biyu rufe, an taɓa ɗauke ƙaninsa sai da aka sayar da shanu. Ba mugu ba ne. Na ce masa, "Alhaji, in don zumunci ne, zumuncin ne ya hana ni." Ya ji haushi, mun yi wata biyu ba mu gaisa ba.

Ga abin da na gaya masa. Fitar da bindiga ko harsashi daga Amurka sai da lasisin gwamnati, yin sa a ɓoye fasa-ƙwauri ne mai ɗaurin da ke kai shekara 10. Yaron da zai saya ya cike fom da ƙarya, shi ma ya shiga. A 2024 kotun tarayya ta samu wani manjo na sojan Amurka, ɗan asalin Gana, da laifin ɓoye bindigogi cikin shuɗɗan durom ƙarƙashin shinkafa da kayan gida, aka loda daga Baltimo zuwa Tema, jami'an Gana suka gano. Kakinsa bai cece shi ba, balle ni da kai. A ɓangarenmu, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta hana shigo da ƙananan makamai yankin, ko gwamnati ce sai ta nemi izini na musamman. Kuma ana dubawa. A tsakiyar 2024 kwastan sun kama kwantena a tashar Onne ɗauke da bindigogi 844 da harsashi 112,500.

Ranar da aka buɗe ƙofar motar nan aka gani, ba wanda ya yi waya za a fara nema ba. Wanda sunansa ke takardar lodi za a kama, sai mai fitar da kaya a tasha, sai direban da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma duk Bahaushen da ke da kaya a tashar ranar zai sha bincike saboda mutum ɗaya. Mu baƙi ne a ƙasashen da muke zaune, sunanmu shi ne jarinmu.

In ma ta wuce lafiya, ina za ta ƙare? A can, da duk takardunsu da makullansu da malaman koyarwa, kun ga adadin da suke binnewa. A nan ba fili, ba malami, ba akwati. Ƙarƙashin katifa za ta kwana, a ɗakin da yara ke shiga, har ranar da za a sace ta ko rai ya ɓaci. Muna yara, in an ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi, masu cika bindigar gargajiya da albarushi suna bugawa sama ranar hawan salla, mu bi su a guje muna murna. Yau in an faɗi kalmar sai gaban uwa ya faɗi. Ban ga dalilin da zai sa ɗan kasuwa ya ƙara ko ɗaya a kan waɗanda suka riga suka shigo ba.

Kafin a rufe kwantena

Akwai kuma haɗarin da ke samun wanda bai nemi komai ba. A jihar da mutane ke yawo da bindiga a mota, motar gwanjo na iya zuwa da harsashi da ya gangara ƙarƙashin kujera, ko cikin aljihun ƙofa, ko wurin safaya. A cikin motoci shida da na saya, sai da na sa aka ɗaga kujeru da darduma aka duba kowace, kuma a ɗaya an samu harsashi biyu a ramin birkin hannu. Yaron ne ya ɗauke su, ni ban taɓa ba. Jami'in da zai gan su a Kwatano ko Legas ba zai tambayi wa ya manta da su ba.

Don haka duk mai loda mota daga can ya biya a share ta ciki da bai, a ɗauki hoto kafin ta shiga tasha. Kada ka karɓi durom ko kwali a rufe daga hannun kowa, ko ɗan uwanka ne, sai an buɗe a gabanka an rubuta abin da ke ciki. In an ara maka jakar tafiya, zazzage kowane aljihu. A 2023 kaɗai jami'an filayen jirgin saman Amurka sun tsinci bindigogi 6,737 a jakunkunan hannu, kuma abin da masu su suka fi faɗa shi ne mantuwa. Ko kwanson harsashi da aka riga aka harba kada yaro ya sa maka a kaya don tsaraba.

Motocina sun iso bayan sati bakwai, an duba, an sallame su. Abokin nan nawa ya zo ya sayi ɗaya, muka yi ciniki kamar yadda muka saba. Bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu, ya tsare mana zuri'a a duk inda suke neman abinci.